Tsaurara sharuɗɗan lissafi da kimiyya a makarantun sakandaren Amurka

A Amurka, jihohi ne ke tsara sharuɗɗan kammala sakandare, ba gwamnatin tarayya ba. Shekaru arba'in ke nan jihohin suna ƙara yawan darussan lissafi da kimiyya da ɗalibi zai ci kafin ya karɓi takardar shaida, bisa hujjar cewa kasuwar ƙwadago ta sauya.

Asali

Yunƙurin ya samo tushe ne a 1983, lokacin da wani kwamitin ƙasa a zamanin Shugaba Ronald Reagan ya fitar da rahoton A Nation at Risk. Rahoton ya yi gargaɗin cewa ilimi na taɓarɓarewa, ya kuma ba da shawarar a wajabta wa kowane ɗalibi shekaru uku na lissafi, uku na kimiyya, da rabin shekara na ilimin kwamfuta. A 2004 ƙungiyar Achieve da abokan aikinta suka ɗaga batun, suna cewa ilimin da jami'a ke nema shi ne kuma aiki mai albashi mai tsoka ke nema.

Misalai uku

A Michigan, jihar da masana'antun motoci ke ta rage ma'aikata, Gwamna Jennifer Granholm ta sa hannu kan sabuwar doka a 2006. Kafin nan, darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa kaɗai jihar ta wajabta, sauran kuma ta bar wa hukumomin ilimi na yankuna. Dokar ta tilasta kwasa-kwasai huɗu na lissafi, ciki har da aljabara mataki na biyu, da uku na kimiyya. A 2014 aka sassauta ta domin masu koyon sana'a su cike sharaɗin ta darussan sana'arsu.

Texas ma ta wajabta shekaru huɗu na lissafi da huɗu na kimiyya a 2006. Bayan korafin iyaye da na wasu masu masana'antu, majalisar jihar ta sauya tsarin a 2013, ta rage jarrabawar ƙarshen kwas daga 15 zuwa 5. Daga bisani aljabara mataki na biyu ya daina zama dole ga kowa.

Birnin Chicago ya riga su, domin tun 1997 ya soke azuzuwan cike giɓi, ya sa kowane ɗan ajin farko na babbar sakandare ya yi aljabara. Masu bincike na Jami'ar Chicago sun gano cewa waɗanda suka yi darasin sun ƙaru, amma faɗuwa ma ta ƙaru, makin jarrabawa bai tashi ba, shiga jami'a kuma bai ƙaru ba.

Muhawara

Magoya bayan tsarin na cewa idan aka bar zaɓi, 'ya'yan talakawa da na baƙaƙen fata ake turawa azuzuwan da ba su da makoma. Masu suka kuwa na cewa ba kowace sana'a ce ke buƙatar aljabara mai zurfi ba, kuma makarantar da ba ta da ƙwararren malami takan sauya wa darasi suna ne kawai, abin da ake koyarwa yana nan yadda yake.

Abin da misalan suka nuna shi ne doka na iya cika aji da ɗalibai, amma ba ta samar da malami, ɗakin gwaje-gwaje, ko tubalin da aka rasa tun firamare. Duk gwamnatin da ta ɗaga sharaɗi, tambayar da ta dace da ita ita ce: nawa ta ware domin ɗalibai su iya cika shi?