Asalin Dokin Iskoki a Ƙasar Adar

Turawa masu ƙaga wasannin almara suna da wani dokin shaiɗan da suka sa cikin littafin dodannin wasan Dungeons & Dragons a 1977: baƙi ƙirin, kofatai kamar garwashi, hayaƙi na tuƙuƙi daga hancinsa. To Adarawa ma suna da dokin iskoki, sai dai nasu ba ya cin harawa, ba a ɗaure shi a turke. Mutum ne. Yana iya zama matar da ke tallar fura a kasuwar Tawa, ko manomin da ke da gona a kwarin Keita.

Ga yadda abin ya samo tushe. Mazaunan farko na duwatsun Adar Azna ne, manoma da mafarauta. Kowane gida yana da iskokinsa na gado, masu zama a dutse ko itace ko bakin rijiya, babbarsu kuwa Doguwa. Maigida shi ke yi musu yanka, akuya ko kaza, don damina ta yi kyau, shi ke nan an sallami juna sai baɗi.

Sai mahaya suka zo. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar, daga zuriyarsa ne sarakunan Illela suka fito. Cikin ƙarni na 19 kuma Buzaye suka riƙe ƙasar, Kel Gress ta kudu, Iwellemmedan ta arewa. Talakan Adar bai cika mallakar doki ba, jaki ne abin hawansa. Abin da ya sani game da doki shi ne, in ya hangi ƙura ta taso daga nesa, wanda ke bisa sirdi shi ke da magana, dabbar da ke ƙarƙashinsa kuwa sai inda linzami ya juya ta. A ganina wannan ne ya sa zancen hawa ya zauna daram a bakinsu sa'ad da bori ya yaɗu a garuruwa. Iskokin borin ma ai fada ce sukutum: akwai sarakuna, da ƴaƴan sarki, da malamai, da Fulani, da Buzaye. Da Faransawa suka kafa mulki, wajen 1925 sai ga Babule sun ɓulla a ƙasar Kurfai, iskoki masu tafiyar soja da tsawar kwamanda.

Ba a neman zama doki, iska ce ke zaɓe. Yawanci da ciwo take farawa, wanda ya ƙi jin magani, ko ɓari a kai a kai, ko yawan firgita cikin barci. In masu sani suka ce iska ce, sai a yi wa mutum girka. A killace shi kwana bakwai, ana ba shi saiwoyi yana sha, ana turara shi, ana koya masa halin mai hawansa, abin da yake so da abin da ya haramta masa. Horo ne irin wanda barde ke yi wa ɗan dukushi kafin ya ɗora masa sirdi. Namiji ya fito doki, mace ta fito goɗiya, kuma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ranar wasa, mai goge ya zauna, masu ƙwarya su kifa ƙorai a gabansu suna kaɗawa. Kowace iska da takenta. Da an taɓo taken mai ita, sai ka ga goɗiya ta fara hamma, jiki na ɓari, ido ya juye, ta yi tsalle ta faɗo daɓas. Sai a ce, “Ya hau.” Daga nan ba ita ba ce. In Kuturu ne, yatsu su dunƙule, murya ta koma ta hanci. In Malam Alhaji ne, a ga tsoho yana tari yana jan carbi. Ɗan Galadima kuwa kyauta zai yi ta rabawa, ko da goɗiyar ba ta da na cefane. Mutane su matso suna gaisuwa, “Ranka ya daɗe,” suna kai kukansu. Abin da duk aka faɗa a wannan hali, ko da miji aka zaga a bainar jama'a, ba a tuhumar matar da shi, mahayin ne ya faɗa. In zai sauka sai ta yi atishawa, ta farfaɗo tana tambayar abin da ya faru.

Ba Adar kaɗai ke da wannan ba. Zabarmawa ma doki suke kiran nasu, haka baƙaƙen fatar Haiti can hayin teku. Wata Bafaranshiya mai suna Nicole Echard ta daɗe tana zama da Adarawa, a 1989 ta fitar da littafi kan borin Adar da Kurfai. Malamai dai tun tuni suke cewa shirka ce, wa'azin ya ƙara ƙarfi bayan kafuwar Izala a Jos a 1978, har wasu masu girka suka koma yin wasansu a cikin gida ko a ƙauyukan bayan gari.