Marjane Satrapi da Littafin Persepolis

An haifi Marjane Satrapi a garin Rasht na ƙasar Iran a 1969, ta taso a Tehran a gidan 'yan boko masu ra'ayin sauyi. Tana ƙarama juyin juya halin 1979 ya kifar da Shah, sarkin ƙasar, yaƙin Iran da Iraƙi ya biyo baya. Da ta kai shekara 14 iyayenta suka tura ta karatu Vienna. Ta dawo gida, sannan a 1994 ta koma Faransa da zama.

A can ta fitar da Persepolis cikin juzu'i huɗu, daga 2000 zuwa 2003, tarihin ƙuruciyarta cikin zane, baƙi da fari kawai. Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa: 'yan mata na wasa da mayafin da aka tilasta musu a farfajiyar makaranta, da tsuntsun da kawunta Anoosh ya ƙera da burodi a kurkuku, ya ba ta kafin a kashe shi.

Fim ɗin littafin da ta yi tare da Vincent Paronnaud ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes na 2007. A 2025 ta ƙi karɓar lambar girmamawa mafi girma ta Faransa, tana zargin gwamnatin da fuska biyu kan Iran.