Ɗiga: Tarihin Kalma Daga Rufin Soro Zuwa Bakin Alƙalami

A ƙasar noma ta Funtua da Malumfashi, inda damina ta fi ta arewacin Katsina nauyi da tsawo, Hausa ta ware wa kowace irin zubar ruwa sunanta. Yayyafi shi ne ruwan sama marar ƙarfi, marka kuwa ruwan da kan yini yana sauka a watan Agusta, tsiyaya kuma zuba ce siririya da ba ta yankewa. Ɗiga ta sha bamban da su duka, domin tana nufin faɗowar ruwa ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, da ɗan jinkiri a tsakani. Karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, shi ke raba fuskokinta biyu: ruwa ya ɗiga da kansa, ko kuma uwa ta ɗiga wa yaro magani a ido.

Inda kalmar ta fi zama da gindinta a da shi ne cikin gida. Soron ƙasa, wanda ake jera wa azara ta itacen giginya kafin a shimfiɗa ƙasa a kai, ba ya jure marka sai an kula da shi, saboda haka magina kan sake yaɓe tun kafin ruwa ya sauka, su gyara indararo, su shafe sama da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da katsi, wato dagwalon da ke kwanciya a gindin karofi. Idan aka yi sakaci rufi ya fara yoyo, sai a tara ƙwarya ko kasko, kuma a wannan kaskon ake jin sautin da Bahaushe ya kira ɗis-ɗis. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙaura Namoda a 1929 ya kwashi auduga, ya kuma sauƙaƙa shigowar kwanon rufi, wanda sannu a hankali ya rage wa magina wannan aiki na shekara-shekara, ko da yake shi ma ƙusa kan ci amanarsa. Wani abin lura shi ne kalmar diga mai harafin d marar ƙugiya, wato ƙarfen haƙa da leburorin dogo suka yi aiki da shi, aro ce daga Ingilishi, kuma ba ta da dangantaka da ɗiga ko ta nesa.

Faɗaɗar ma'ana mafi armashi ta faru ne a makarantar allo. Abin da tawada ta bari idan ta ɗiga daga bakin alƙalami shi ne ɗigo, kuma a rubutun Warash da almajirai ke koya ɗigo guda ke raba haruffa, tunda na fa'un yana ƙasa, na ƙafun kuma yana sama. Daga nan sunan ya shiga lissafin boko, har mai karanta labarai a rediyo kan ce miliyan biyu da ɗigo biyar ba tare da ya tuna da ruwa ba. A asibiti kuwa ruwan da ke ɗiga cikin jijiyar majiyyaci ƙarin ruwa ake ce masa.