Takardar da Inna Ba Ta da Ita: Ɗan Tarihin Burs a Nijar

A watan da na shiga jami'a, wata ƙungiya mai zaman kanta ta liƙa sanarwa a bangon fakulte cewa za ta taimaka wa ɗalibai marayu da kuɗin rajista da na littattafai. Na tattara dosiyena na je. Matar da ke karɓa ta duba takardar haihuwa, ta duba sakamakon Bak, ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, ina takardar rasuwar mahaifinki?"

Na ce babu. Ta ce, to shina da rai ke nan? Na ce ban sani ba. Baba ya tafi Libiya neman kuɗi ina ƙarama, wayarsa ta ƙarshe ta zo kafin yaƙin 2011, tun daga nan shiru. Matar ta ji tausayina, na gani a idonta, amma takardar da ke gabanta gida biyu gare ta, maraya ko ba maraya ba. Ta miƙo mani dosiyena da hannu biyu.

Ban riƙe ta a zuciya ba. Abin da ya tsaya mani shi ne tambayar da na fito da ita: wanga kuɗi da ake ba ɗalibi don ya yi karatu, tun farko don wa aka yi shi? Da na bi sawu sai na tarar ba don talaka aka ƙirƙiro shi a ƙasar nan ba, ko da yake talaka ya ci moriyarsa.

A zamanin Nasara ba a neman gurbin makaranta, gudun sa ake yi. Kumandan yakan yanka wa sarki adadin yaran da zai kawo lakwal, sarki ya yanka wa masu gari. Mai hali ya ɓoye ɗansa a rumbu ko ya tura shi ƙauyen kakanni. Waɗanda akan kama su ne ƴaƴan bayi da na talakawa, da yaron da ba shi da uban da zai je fada ya tsaya masa. Abin dariya abin tausayi: karo na farko da rashin uba ya sa yaro cikin jerin waɗanda gwamnati za ta ciyar ta karantar, ba gata aka yi masa ba, rashin gata ne ya kai shi. Nasara kuwa ba jinƙai ya dame shi ba. Akawu yake so, da tafinta, da malamin makaranta. Ƴan ƙalilan da suka yi fice aka tura su makarantar William Ponty a Senegal, kuma daga can ne Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka fito da aikin koyarwa kafin siyasa ta ɗauke su. Ranar da aka samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba.

Sabuwar gwamnati ta gaji wannan tunani, kuma ba ta da zaɓi. Ƙasa ce mai faɗi da ba ta da likitoci da injiniyoyi nata. Duk wanda ya ci Bak dukiya ne, sai a ba shi burs ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa ko Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya tarar da kujera tana jiran sa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. A wannan tsakanin ne aka fara haƙo uraniyom a Arlit, kuma da farashinsa ya tashi a zamanin Seyni Kountché baitulmali ya cika. Iyayenmu da suka yi makaranta lokacin, in suna ba da labarin kwana a makaranta da abinci sau uku da ɗan kuɗin aljihu tun daga kwaleji, sai ka ɗauka tatsuniya ce. Ba wanda ya tambaye su ko uwarsu bazawara ce, don tambayar ba ta da amfani: kowa aka ba. Burs na lokacin kamar kafin alƙalami ne na albashin da za a fara biyan ka gobe. Gwamnati ba ta ce "wa ke da buƙata" ba, cewa ta yi "wa nake buƙata".

Sai uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, fari na 1984 ya biyo baya, bashi ya yi wa ƙasa katutu. Masu ba da lamuni, Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, suka ce a rage kashe kuɗi a kan ƴan jami'a a mayar da hankali ga firamare. A takarda hujjar ba ta rasa ma'ana ba, tunda mafi yawan yaran ƙauye ko aji ɗaya ba su taɓa shiga ba. Amma ga wanda ke kampus ma'anarta ɗaya ce: za a tace masu samun burs, kuma kujerar da ke jira ta daina jira. Wannan ne ya fito da ƴan USN kan titi ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Kowace shekara muna tuna su, kuma an fi tuna su a matsayin waɗanda suka buɗe ƙofar Taron Ƙasa na 1991 da siyasar jam'iyyu da yawa. Gaskiya ne. Sai dai ina so mu riƙa tunawa cewa abin da ya fito da su daga ɗakunansu da safiyar nan maganar karatu ce da abin da ɗan talaka zai ci yana yin sa.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji shi a bakin yayyensa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin da ke hannun ɗalibi ya zama ba ya sayen abin da yake saye jiya. Watanni suka riƙa taruwa ba a biya ba, yajin karatu ya zama kamar damina. Daga baya aka kafa hukuma ta musamman, ANAB, aka kuma raba ɗalibai gida biyu: masu burs, da masu ɗan tallafin da ake kira taimakon jama'a ga waɗanda ba su samu ba. Aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, wasu huɗu a 2014, ɗalibai suka ninka, tukunya kuwa ba ta girma daidai da bakunan ba. Ranar 10 ga Afrilu 2017 ma Mala Bagalé ya rasa ransa a Yamai cikin zanga-zangar da maganar burs da yanayin karatu ke cikinta.

To, da tacewa ta zama dole, da wane rariya aka tace? Wanda ya fi sauƙin riƙewa: maki da shekaru. Dukansu lambobi ne da ke rubuce, ba a musu a kansu. A ido adalci ne. Ni kaina ta wannan ƙofa na shiga, makina ya kai, na samu. Amma na san abin da aka biya kafin makin ya kai. Shekara biyu bayan tafiyar Baba, yayana ya ajiye littafi yana aji uku na kwaleji ya hau babur yana kabu-kabu, don Inna ba za ta iya ɗaukar mu biyu da kuɗin ƙuli-ƙuli ba. Ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Sunansa ba ya cikin jerin waɗanda aka hana burs, tunda bai kai inda ake nema ba. Shekaru kuma, wa ya fi makara? Yaron da ya yi shekara guda yana talla, yarinyar da ta maimaita aji don tana jinyar uwa. Wasunmu ma shekarun nasu ƙiyasi ne, irin takardun da kotu ke bayarwa daga baya masu ɗauke da "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza.

Na duba yadda wasu ƙasashe ke yi. A Faransa, inda muka aro kalmar da tsarin, akwai burs da ake bayarwa bisa ƙarfin aljihun iyaye, kuma a takardar haraji akwai harafin T na wanda ke renon ƴaƴa shi kaɗai. In yana nan, kuɗin shigar wannan mahaifin kawai ake dubawa. A Amurka, tallafin Pell da ya samo asali a 1972, tun zangon 2024-2025 ɗan gida mai mahaifi guda yana samun cikakken kaso in kuɗin gidansu bai wuce kashi 225 cikin 100 na layin talauci ba, alhali ga sauran iyaka ita ce 175. Da sauƙi mutum ya ce mu kwaikwaya. Amma duka biyun a kan takardar haraji suke tsaye. Inna tana biyan kuɗin rumfa a kasuwa, ba ta da takardar da ke faɗin abin da ta samu a shekara. Aurenta a ƙofar gida aka ɗaura shi da goro da shaidu. Maƙwabciyarmu da baki aka sake ta. Ina harafin T zai zauna?

Nan ne karatuna ya shigo, kuma ku yi mani haƙuri in daɗe kaɗan. Na kwana biyu ina neman yadda zan faɗi "famille monoparentale" da Hausar da Inna za ta ji ba ta ce "mi?" ba, ban samu ba. Muna da maraya. A Larabcin malamai yatimi shi ne wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga, amma marayan Hausa ya fi faɗi, yana ɗaukar wanda ya rasa uwa. Muna da bazawara, mai takaba, sakakkiya, gwauro. Muna da agola, ɗan da uwa ta shigo da shi gidan sabon miji, da ɗan riƙo. Kowace kalma tana nuna matsayin mutum ɗaya. Ba wadda ke nuna gidan da kansa a matsayin gida mai ginshiƙi guda, don harshen bai yarda akwai irin wannan gida ba. Ƙanen ubanka baba ne, ƙanwar uwarka inna ce, kuma ɗa na kowa ne. A baki, ba mai rasa uba. Wataƙila dā haka abin yake, lokacin da gandu ɗaya ke ciyar da gida mai mutum talatin. Yau baffannina suna nan da ransu, mutanen kirki ne, kowannensu yana fama da nasa. Da Salla sukan aiko da nama. Kalmar ta tsaya inda take, rumbun da ke bayanta ya ƙare. Takardar ofis kuwa Faransanci take ji, gawa take nema da hatimi. Mace irin Inna, mai aure ba miji, harshen gida yana cewa ba ita kaɗai ba ce, harshen ofis yana cewa mijinta na da rai. Dokar iyali da za ta iya yanke maganar, an yi yunƙurin kafa ta a farkon shekarun 1990 aka kasa, har yau babu.

(Wani abin da ya ba ni dariya: asalin "bourse" ƴar jakar fata ce ta zuba kuɗi, mu ma jikar da muke ƙirga dubu da ita jaka ce. Jika 35 a wata. Daga ciki nake aika wa Inna goma duk lokacin da suka fito, kuma ba ni kaɗai ke haka ba a ɗakinmu. Wanda ya tsara burs ɗalibi ɗaya ya lissafa.)

Ba cewa nake a daina duba maki ba. Cewa nake mai unguwa da liman da daraktan makarantar da yaro ya fito sun san gidan da mace ke riƙe da shi ita kaɗai, kuma shaidarsu tana iya zama takarda. Za a yi ƙarya, na sani, wani zai kashe ubansa a baki don jika goma. Amma ƙaryar da za a iya bincikawa ta fi mani shirun da ya bar yayana a kan babur.

Akwai hanya ɗaya da malamai suka sani. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace tana iya kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, in bai bayyana ba ta yi idda. Da hutu na kawo wa Inna maganar tana tuyar ƙuli. Na ce in alƙali ya ba ta takarda, ƙanena zai iya shiga jerin marayu in lokacinsa ya yi. Ta daɗe tana juya mai ba ta ce komai ba.

"In na tahi na ce ya mutu," ta ce, "ran da ya yi sallama bakin ƙofa, mi zan ce mashi?"

Ban sake tayar da zancen ba. Ƙanena yana ajin ƙarshe na lise bana, kuma watan Maris zai cika 20.