Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa: Daga zagayen birnin Barcelona zuwa ranar farko a teku

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa ya bambanta da jirgin fito ko na dakon kaya, domin ba isa wani gari ba ne burin wanda ya shige shi. Tafiyar ita ce abin da aka biya wa kuɗi. Fasinja yana kwana a ciki, ya ci a ciki, jirgi ya yi ta tafiya cikin dare, gari na wayewa a yada zango a wani birni. Jirgi na farko da aka ƙera musamman domin wannan shi ne Prinzessin Victoria Luise na wani kamfanin Jamus, wanda aka sanya a ruwa a 1900. A yau abin ya bunƙasa har jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, ya kai tsawon kimanin mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000.

Ga iyalin da ke shirin irin wannan tafiya, kwana biyun farko su ne ginshiƙi: ranar zagaya birnin da za a tashi, da ranar shiga jirgi. Barcelona, babban birnin yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, misali ne mai kyau, kasancewar tasharsa na kan gaba a harkar jiragen shaƙatawa a Bahar Rum. Daga can jirage kan yi zagayen dare bakwai, su biya ta tsibirin Mallorca da Marseille a Faransa da wasu tasoshin Italiya, kamar Civitavecchia da ke kusa da birnin Rum, sannan su dawo.

Takardu kafin komai

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Schengen, wadda ke ba da damar zama har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Daga cikin sharuɗɗanta akwai inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da fasfon da zai rage aƙalla wata uku bayan ranar barin yankin, ko da yake kamfanonin jiragen da dama sukan nemi wata shida. Idan jirgin zai tsaya a ƙasar da ba ta cikin Schengen, kamar Tunisiya ko Turkiyya, sai an nemi biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Wanda takardunsa ba su cika ba ana mayar da shi daga bakin tasha, kuma galibi kuɗinsa sun tafi ke nan.

Mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, haka ma macen da cikinta ya shiga mako na 24. Sannan dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga wajen yankin, saboda haka kilishi da dambun nama ba sa cikin guzurin wannan tafiya.

Kwana guda a birni

Masu tsara tafiye-tafiye sukan ba da shawarar a isa birnin aƙalla kwana ɗaya kafin tashi. Dalilin a bayyane yake: jirgin sama na iya jinkiri, jaka na iya ɓata a hanya, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Wannan rarar kwanan ita ce iyali ke amfani da ita wajen buɗe ido.

Fitaccen ginin Barcelona shi ne majami'ar Sagrada Familia, wadda aka aza harsashinta a 1882. Masanin zanen gine-gine Antoni Gaudí ya karɓi aikin a 1883, ya kuma rasu a 1926 bai ga kammaluwarsa ba. Ana shiga ne da tikiti mai ƙayyadadden lokaci, wanda ake saya ta intanet tun da wuri, haka ma lambun Park Güell da shi Gaudí ya tsara. Titin La Rambla, mai tsawon kilomita ɗaya da 'yan kai, ya taso daga dandalin Plaça de Catalunya ya gangara bakin teku, inda aka kafa hasumiyar tunawa da Christopher Columbus a 1888. A gefen titin akwai kasuwar La Boqueria mai kayan marmari da kifi. Masu sha'awar ƙwallo kuwa sukan nufi filin Camp Nou da aka buɗe a 1957, aka kuma fara sabunta shi a 2023.

Mai tafe da yara da tsofaffi, wuri biyu ko uku sun ishe shi a yini. Wuraren cunkoso irin su La Rambla da jirgin ƙarƙashin ƙasa sun yi suna da 'yan sane, don haka fasfo ya fi dacewa da akwatin ajiya na otal, a fita da kwafinsa. Ɓatan fasfo ana gobe tafiya yana iya rushe shirin iyali baki ɗaya.

Shiga jirgi

Manyan jirage suna tsayawa ne a mashigar Moll Adossat. Kowane iyali ana ba shi lokacin zuwa, yawanci tsakanin hantsi da azahar, kuma ana rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi. Manyan jakunkuna ana miƙa su ga 'yan dako bayan an manna musu lambar ɗaki, ba kuma lallai su iso ba sai yamma. Saboda haka magunguna da takardu da abincin jarirai da tufafin canji sai a riƙe su a ƙaramar jaka.

Bayan bincike irin na filin jirgin sama, ana ba kowa katinsa, har da yara. Katin nan shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, da shi kuma ake sayayya, domin ba a cika ciniki da tsabar kuɗi a ciki ba. Nan ne maigida ya kamata ya sa ido. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abincin manyan ɗakunan cin abinci da wasanni, amma intanet da wasu abubuwan sha da yawon da kamfani ke shiryawa a birane duk biyansu daban. Kamfanoni da yawa kuma suna ɗora tukuicin ma'aikata a kan kowane fasinja kullum.

Wuta ita ce babbar abar tsoro a teku. Shi ya sa ake ƙwace dutsen guga da kyandir da duk abin da ke ci da wuta, wanda ya haɗa da kasko da turaren wuta.

Atisayen ceto

Abu mafi muhimmanci a ranar farko shi ne atisayen ceto, kuma wajibi ne a kan kowa. Ana nuna wa fasinja wurin taruwarsa idan an shiga haɗari, da yadda ake sanya rigar ceto, da sautin gargaɗi: gajeriyar busa sau bakwai, doguwa sau ɗaya. Yara ana ɗaura musu alamar wurin taruwarsu a hannu, domin ma'aikata su kai su ga iyayensu idan abu ya faru ba sa tare.

Tsananin wannan doka yana da tarihi. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, ɗauke da mutum fiye da 4,200, aka rasa rayuka 32. Ɗaruruwan da suka shiga a ranar daga Civitavecchia ba a riga an yi musu atisaye ba, domin dokar lokacin ta ba da sararin awa 24. Daga nan hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gyara yarjejeniyar SOLAS, wadda asalinta ya samo daga nutsewar Titanic a 1912. Tun daga Janairun 2015 dole a yi atisayen kafin tashi ko nan take bayan tashi.

Daren farko

Da maraice jirgi kan ɗaga, mutane su cika saman bene suna kallon birni yana nisa. Mai buƙatar abincin halal sai ya sanar da kamfani tun lokacin sayen tikiti, ya kuma tuna wa shugaban masu hidimar abinci a daren farko. Kifi da kayan lambu kuwa ba sa yankewa. Alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, don haka sai an duba ta a kowace salla. Mai saurin jin jiri ya fi samun sauƙi a ɗakin tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi ƙaranci. Yawan wanke hannu da sabulu kuma shi ne kariya daga ciwon gudawa da amai da kan yaɗu a cunkoso.

Kafin a kwanta, a duba jadawalin gobe, musamman lokacin da aka yanka wa kowa ya dawo jirgi, a kuma daidaita agogo da na jirgin. Wanda ya makara a birni, shi zai nemi hanyar cim ma jirgi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Shirin zaune dai, in ji Hausawa, ya fi na tsaye.