Daga Kano zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da ta Koma ta Yini Guda

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai wajen kilomita 3,400 in an miƙe sambal. Jirgin zamani, mai cin kilomita 850 ko kusa da haka a awa, yakan shafe ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Maniyyaci ya ci tuwon dare a Kano, ya yi asuba a Jidda, sai dai ya tura agogonsa gaba da awa biyu.

Kakanninmu kuwa da shekara suke ƙirga wannan tafiya. Mutum zai yafe wa kowa, ya raba abin da zai raba, ya kama hanyar Barno da jaki ko a ƙasa. Daga nan sai Fallomi, wato Njamena ta yau, sai Abeche, Janaina, Fashir, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa. Guzuri ba ya kai kowa. In ya ƙare a yada zango, a yi noma ko ƙodago damina ɗaya ko biyu, a tara, a ƙara gaba. Wasu a hanya suka yi aure suka hayayyafa, wasu ko Makkar ba su gani ba. Yawancin Hausawan Sudan jikokin wannan hanya ne, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno. Masu hali suna da tasu dabarar: a 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta jirgin ruwa ya tafi, har ya biya ta Ingila.

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, kuma kusan sawun mahajjatan ƙasa ya bi, yana dira gari-gari don shan mai. Jiragen wancan lokaci ba su da dogon numfashi. Manyan jirage irin Boeing 707 da suka shigo daga baya kuwa a tashi ɗaya suke yin tafiyar.

Saurin bai zo kyauta ba. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, cikin hazo, mutum 176 suka rasu. A Yulin 1991 wani da ya nufi Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa daga Jidda, mutum 261 da ke ciki ba wanda ya fita.

A ganina, yau awa biyar ɗin ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar. Wahalar tana sansanin alhazai, inda dattijo zai kwana kan tabarma, jakarsa matashinsa, yana kasa kunne ko za a kira sunan ƙaramar hukumarsa. Ita ma awa biyar ɗin ba tabbas ba ce: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma yin zagaye, mai ya ƙaru, zaman cikin jirgi ma ya ƙaru.