Joost van der Westhuizen da Cutar da Ba Ta da Suna a Hausa

Joost van der Westhuizen ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 2017, yana da shekara 45. Yana cikin 'yan wasan rugby na Afirka ta Kudu da suka ci kofin duniya a 1995. A 2011 likitoci suka tabbatar masa da cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda likitocin Kwatano a ƙasar Benin ke kira cutar Charcot, da sunan Bafaranshen da ya fayyace ta a ƙarni na 19. Joost bai shige ɗaki ya kulle ba. Ya kafa gidauniyar J9 domin tallafa wa masu cutar da zaburar da bincike, ya riƙa fita bainar jama'a a keken guragu har lokacin da maganarsa ta daina fita sosai.

Abin da ke lalacewa shi ne jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Da farko buta ce ke suɓucewa daga hannu wajen alwala, ko silifa ya riƙa zamewa daga ƙafa. Sannu a hankali harshe ya yi nauyi, haɗiyar koko ta zama aiki, a ƙarshe numfashi ya gaza. Sau da yawa hankalin mutum na nan garau, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Yawanci ana rasuwa cikin shekara 2 zuwa 5, kuma maganin riluzole 'yan watanni kawai yake ƙarawa.

A unguwannin Kwatano kamar Zongo ko Vêdoko, irin wannan majinyaci ana cewa jikinsa ya shanye, kamar mai hawan jini, ko a ce jifa ne. Ana yin rubutu da hayaƙi, kuɗi na ƙarewa, kafin a kai ga likitan jijiyoyi. Ban ga laifin iyali ba: ciwon da babu kalmarsa a bakin mutane da wuya a gane shi.

A ganina, nan ne aikin Joost na zaburar da bincike ya shafe mu. Akasarin abin da aka sani game da cutar daga jikin Turawa aka samo shi. Sauyin ƙwayar halitta ta C9orf72, wanda aka gano a shekarar da aka tabbatar wa Joost da ciwon, ya fi yawa a zuriyar Turawa, don haka ba zai bayyana mana halin majinyatanmu duka ba. Binciken TROPALS, wanda masana a jami'ar Limoges suka jagoranta tare da likitocin Afirka, har da na Benin, ya fito a 2019 da bayanan majinyata 185 kacal daga arewaci da yammaci da kudancin nahiyar, kuma mafi yawansu ba su samu riluzole ba.